Ensign Ful-Vue: Kyamarar da ta shiga gidajen Ingila da yadda kamfaninta ya durƙushe

A shekarar 1946, shekara guda bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin Birtaniya sun shirya wani gagarumin baje koli a gidan adana kayan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, domin nuna wa duniya cewa masana'antun ƙasar na nan da ransu. Cikin dubban kayayyakin da aka jera akwai wata 'yar ƙaramar baƙar kyamara mai ƙusumbi a ka, wadda hannu ɗaya ya isa ya ɗauke ta. Sunanta Ensign Ful-Vue.

Kyamarar ta samu karɓuwa ƙwarai. Da ita iyalai masu yawa a Ingila suka ɗauki hotunan biki da na hutu a bakin teku, kuma ita ce kyamarar farko da yara da dama na wancan zamani suka mallaka. Kamfanin da ya ƙera ta shi ne mafi girma a fagen ƙera kyamara a Birtaniya, tushensa kuwa ya faro tun 1834. Ya ga yaƙin duniya har biyu, an kuma rusa hedikwatarsa da bam, duk ya tsallake. Amma kimanin shekara 15 bayan wancan baje koli sai ya daina ƙera kyamara baki ɗaya, a daidai lokacin da jama'a suka fi sayen kyamara fiye da kowane lokaci a baya. Yadda hakan ta faru labari ne na ciniki da manufofin gwamnati da kuma sauyin buƙatar masu saye.

Yadda kyamarar take

Sunan Ful-Vue an samo shi ne daga kalmomin Ingilishi biyu masu ma'anar cikakken gani, kuma sunan ya dace da ita. Kyamarorin akwati masu araha na wancan lokaci suna da wata 'yar tagar leƙe da ba ta fi farcen babban yatsa girma ba, sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya gane abin da zai ɗauka. Ita kuwa Ful-Vue tagarta babba ce, tana saman kyamarar, cikin wannan ƙusumbi. Haske yana shiga ta wani gilashi da ke gaba, ya faɗa kan madubin da aka jingine a karkace, madubin ya tura shi sama zuwa wani gilashi mai tudu. Mai ɗaukar hoto sai ya riƙe kyamarar a daidai cikinsa, ya sunkuyar da kai, ya ga mutanen da ke gabansa tangaran. Abin da zai saba da shi kawai shi ne madubin yana juya hoton, abin da ke dama ya bayyana a hagu.

A ƙasan wannan gilashi akwai ainihin idon kyamarar, wato wanda ke kai haske kan fim. Gilashi ne falle ɗaya tak, mai ƙaramar kafa, don haka kusan duk abin da ya ɗan yi nisa da kyamarar yakan fito sarai ba tare da an saita komai ba. A bayansa akwai ƙyauren da ke buɗewa ya rufe idan an danna. Zaɓi biyu ne gare shi: ko dai ya buɗe na kimanin kashi 1 cikin 30 na sakan, wanda ya dace da hasken rana, ko kuma a bar shi a buɗe na tsawon lokacin da ake so idan wuri ya yi duhu, muddin an ajiye kyamarar a kan abin da ba ya motsi.

Fim ɗin da take ci shi ne mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901. Dogon falle ne da aka manna wa takarda mai kauri a baya, aka naɗe a jikin kwarkwaro. Kowane naɗi yana ba da hoto 12 a Ful-Vue, kowanne santimita 6 a tsaye, 6 a kwance. A bayan kyamarar akwai wata 'yar jar taga, ta nan ake ganin lambobin da aka buga a jikin takardar. Bayan kowane hoto sai a murɗa makama har lamba ta gaba ta bayyana. Wanda ya manta bai murɗa ba zai ɗora hoto biyu a wuri ɗaya, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya karɓo daga wurin masu wanki.

Samfurin farko ya fito ne a 1939, da siffar akwati mai kusurwa huɗu irin na sauran kyamarori. Na 1946 shi ne aka sake wa fasali, aka daddatse kusurwoyin aka mulmula jikin, har ya zama da wuya a rikita shi da wata kyamara.

Daga sayar da gilashi

Asalin kamfanin ba shi da alaƙa da hoto, domin a lokacin da aka kafa shi ba a fara ɗaukar hoto a kasuwa ba. A 1834 wani Bature ɗan Ingila mai suna George Houghton ya yi haɗin gwiwa da wani Bafaranshe, Antoine Claudet, wanda ke cinikin gilashi a titin High Holborn na Landan. Sana'arsu ita ce sayar da fallayen gilashi da murafun gilashi da ake kifawa a kan agogo da kayan ado.

A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto da Louis Daguerre ya gano a Faransa, wadda ke kama hoto a kan farantin jan ƙarfe da aka shafa wa azurfa. Gwamnatin Faransa ta sayi fasahar ta sakar wa kowa, amma a Ingila Daguerre ya riga ya yi rajistar haƙƙin mallakarta, sai da lasisi ake amfani da ita. Claudet ya yanki lasisin. A 1841 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Landan, ya kuma gano dabarar rage tsawon lokacin da mutum zai zauna ba motsi a gaban kyamara. Sunansa ya ɗaukaka har aka naɗa shi mai ɗaukar hoton Sarauniya Victoria a 1853.

Shagon High Holborn ya ci moriyar wannan, musamman bayan 1851 da Frederick Scott Archer ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan fallen gilashi. Daga nan gilashi ya zama abin da kowane mai hoto ke buƙata kullum, ga shi kuma hajar da shagon ya fi ƙwarewa a kai ke nan. Sannu a hankali aka ƙara da magungunan wanke hoto da takardu da kyamarori. Bayan rasuwar Claudet a 1867 harkar ta koma hannun iyalin Houghton, ana kiran kamfanin George Houghton & Son.

Gogayya da Kodak

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke, George Eastman, ya sauya fuskar sana'ar. Ya fito da kyamarar Kodak a 1888, mai amfani da fim na naɗi maimakon gilashi mai nauyi da saurin fashewa. A 1891 kamfaninsa ya kafa masana'anta a Harrow, kusa da Landan, sannan a 1900 ya fito da kyamarar Brownie da ake sayarwa dala 1 a Amurka, sule 5 a Ingila. Dabarar Eastman ita ce a sayar da kyamara da araha, riba ta riƙa fitowa daga fim ɗin da mai ita zai yi ta saye shekara da shekaru.

Ƙananan kamfanonin Ingila sun ga cewa kowannensu shi kaɗai ba zai iya ja da Kodak ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1904 kamfanin Houghton ya haɗe da wasu huɗu, wato Holmes Brothers da A. C. Jackson da Spratt Brothers da Joseph Levi, aka samar da Houghtons Limited. Sabon kamfanin ya gina babbar masana'anta a Walthamstow, a arewa maso gabashin Landan. Sunan da ya zaɓa wa kayansa shi ne Ensign, kalmar da ke nufin tutar da jiragen ruwa ke kafawa don a san ƙasarsu. Saƙon a fili yake: wannan kayan gida ne, na wancan kuwa na baƙi ne.

Kamfanin bai tsaya ga kishin ƙasa kawai ba, ya fito da kayan da suka burge masu saye. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Magnus Niéll, ya tsara kyamarar Ticka mai siffar agogon aljihu, sannan ya tsara Ensignette da ta fito a 1909, ƙaramar kyamarar ƙarfe mai wuya irin zugazugin maƙera, wadda ake naɗewa a jefa a aljihun 'yar ciki. Ensignette ta yi kasuwa sosai, kuma sai a 1912 Kodak ya fito da tasa mai kama da ita. A wannan karon kamfanin Ingila ne ya riga na Amurka.

Yaƙi ya haɗa kishiyoyi

Akwai wani babban kamfani a Landan da ke gogayya da Houghtons, wato W. Butcher & Sons. Shi salon cinikinsa daban ne. Yawancin kyamarorinsa a Jamus ake ƙera su, ya shigo da su, ya liƙa musu sunayensa irin su Carbine da Cameo, ya rarraba wa shaguna. Hanyar tana da riba, domin ba ya ɗaukar nauyin injuna da ɗimbin ma'aikata, kuma kayan Jamus suna da inganci.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Jamus a watan Agustan 1914, sai hanyar ta toshe rana ɗaya. Butcher ya wayi gari yana da suna da dillalai da masu saye, amma babu kaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Houghtons kuwa yana da masana'anta. A 1915 kamfanonin biyu suka kafa kamfanin ƙera kaya na haɗin gwiwa mai suna Houghton-Butcher, kowa kuma ya ci gaba da sayar da nasa da sunansa. A 1926 suka haɗe gaba ɗaya, sannan a 1930 aka raɗa wa ɓangaren sayarwa suna Ensign Limited.

Shekarun 1930 sun yi wa kamfanin kyau duk da karayar tattalin arzikin duniya. Yana ƙera komai, tun daga kyamarar akwati ta yara har zuwa manyan kyamarori na 'yan jarida da majigin gida. A 1934 ya fito da Ensign Midget, wata ƙaramar kyamara da Niéll ya sake tsarawa. Ful-Vue ta farko ta zo a ƙarshen wannan zango, a shekarar da wani yaƙin ya sake ɓarkewa.

Bam a High Holborn

A watan Satumban 1940, lokacin da jiragen yaƙin Jamus ke yi wa Landan ruwan bama-bamai dare bayan dare, bam ya faɗa wa hedikwatar Ensign da ke High Holborn, titin da aka fara cinikin gilashi fiye da shekara 100 kafin nan. Barnar ta kai ga rushe ɓangaren sayarwa na kamfanin, aka sayar da abin da ya saura na hajarsa ga wani kamfanin magungunan hoto, Johnson & Sons. Masana'antar Walthamstow ita ta tsira, ta koma yin aikin soja har yaƙi ya ƙare. Daga cikin abin da ta tsara a lokacin akwai kyamarar Ensign Commando, wadda aka fara sayar wa farar hula bayan yaƙin.

Da zaman lafiya ya dawo sai kamfanin ya sake neman abokan tafiya. A 1945 ya haɗe da Elliott & Sons, masu yin fim da takardar hoto a garin Barnet, aka koma kiransa Barnet Ensign. A 1948 kamfanin Ross ya shigo, wanda tun 1830 yake sana'ar gilashin hangen nesa da idon kyamara, sunan ya zama Barnet Ensign Ross. Daga 1954 kuma aka taƙaita shi zuwa Ross Ensign. A takarda dai tsarin ya cika: ga mai ƙera jikin kyamara, ga mai yin ido, ga mai yin fim.

Shekarun kariya

Birtaniya ta ci yaƙi amma ta fito da bashi a wuya. A 1946 sai da ta ranto dala biliyan 3.75 daga Amurka, a 1949 kuma ta karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa dala 2.80. Rabon abinci da kati bai ƙare ba sai 1954. Gwamnati ta matsa wa masana'antu su sayar da kayansu a ƙasashen waje don a samo kuɗin musanya, ta kuma taƙaita shigo da duk abin da ta ɗauka na alatu ne, har da kyamarori masu tsada.

Baje kolin 1946 yana cikin wannan yunƙuri. An sa masa suna Britain Can Make It, ma'ana Birtaniya za ta iya ƙerawa, Sarki George na Shida ne ya buɗe shi, kuma mutum fiye da miliyan 1.4 suka ziyarce shi. Da yake yawancin kayan da aka nuna na fitarwa waje ne, ba a samunsu a shagunan gida, sai jama'a suka juya sunan cikin raha ya koma Birtaniya ba za ta samu ba.

Ga masu ƙera kyamara na gida wannan zamani ne na cin kasuwa ba hamayya. Masana'antun Jamus sun sha bam, wasu kuma sun faɗa ɓangaren da Tarayyar Sobiyat ta mamaye, abin da suka iya ƙerawa ma ba a barin shi ya shigo yadda ake so. Sojoji sun dawo gida, ana ta aure da haihuwa, kowa na son hoto. Ful-Vue ta zo a kan gaɓa: ga araha, ga sauƙin sarrafawa, ga siffar da ke nuna sabon zamani. A 1950 aka fito da samfuri na biyu wanda ake iya murɗa idonsa gwargwadon nisan abin da za a ɗauka, ana kuma iya haɗa masa fitilar walƙiya. A 1953, shekarar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, an yi wasu masu launi irin su ja da shuɗi maimakon baƙi.

Wasu kamfanonin ma sun shigo fagen saboda gurbin da kayan Jamus suka bari. Reid & Sigrist na garin Leicester ya ƙera kyamarar da ta kwaikwayi Leica ta Jamus, K. G. Corfield na Wolverhampton ya fito da Periflex a 1953, Ilford kuma ya gwada da kyamarar Witness. Abin lura shi ne dukkan waɗannan ukun fim siriri mai faɗin milimita 35 suke ci. Ensign, wanda ya fi su girma da jari da dillalai, bai bi wannan hanya ba.

Fim mai faɗi da fim siriri

Domin a fahimci matsayin Ensign, sai an san bambancin fina-finan biyu. Dodon hoton da Ful-Vue ke fitarwa babba ne, ya ninka na fim siriri fiye da sau 3 a faɗin fili. Saboda haka mai wanki ba ya buƙatar na'urar ƙara girma. Zai ɗora dodon a kan takardar hoto, ya haska fitila, ya wanke, hoto ya fito daidai girman dodon, wanda ya isa a liƙa a kundin hotuna. Tunda ba a ƙara girman ba, kurakuran idon kyamara mai araha ba sa fitowa fili. Wannan ne sirrin da ya sa kyamara mai gilashi falle ɗaya take ba da hoton da iyali za su yi farin ciki da shi.

Fim siriri kuwa asalinsa na silima ne. Oskar Barnack na kamfanin Leitz a Jamus ne ya tsara kyamarar Leica da ke amfani da shi, aka fara sayar da ita a 1925. Dodonsa milimita 24 ne a 36, dole sai an ƙara masa girma, ƙara girma kuma yana tona asirin ido maras kyau da fim mai tsakuwa-tsakuwa. Don haka a farko kyamarar fim siriri sai mai hali, kuma masu cewa babban dodo ya fi ba da hoto mai kyau suna da gaskiya.

Sai dai abubuwa sun yi ta sauyawa. A 1934 Kodak ya fito da fim siriri a cikin ɗan gwangwani da ake sa wa kyamara da rana tsaka ba sai an shiga ɗaki mai duhu ba, gwangwani ɗaya yana ba da hoto har 36. A 1936 ya kawo fim mai launi na Kodachrome a wannan girma. Ingancin fim ya ƙaru, injunan wanki da ƙara girma suka yi araha. A shekarun 1950 masu ɗan abin hannu suka raja'a kan hotuna masu launi da ake haskawa a bango da majigi, a tara iyali da baƙi a kalla. A fim mai launi, wanda ke da tsada, ƙaramin dodo yana nufin kowane hoto ya fi sauƙin kuɗi.

Ross Ensign ya ci gaba da zuba ƙwarewarsa a kan kyamarorin naɗewa masu fim mai faɗi, irin su Selfix da Autorange. Kayan suna da kyau, idon Ross Xpres da ke jikin manyansu har yau masu tara tsofaffin kyamarori suna yaba shi. Autorange 820 ta tsakiyar shekarun 1950 tana cikin mafi inganci da aka taɓa yi a irinta, amma tana da tsada, kuma ta fito a lokacin da masu irin wannan kuɗi suka riga suka juya wa kyamarar naɗewa baya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kamfanin kuwa ya ƙara ƙwarewa ne a tsohuwar rawa.

Lokacin da aka buɗe ƙofa

A ɓangaren kyamarori masu araha ma ƙasa ta fara zamewa. A 1952 reshen Kodak na Ingila ya fito da Brownie 127, wadda aka zuba jikinta da roba mai tauri. Zubin roba ya fi haɗa ƙarfe sauri da araha, kuma tunda a cikin Ingila ake yin ta, dokar hana shigo da kaya ba ta shafe ta ba. Ta sayu miliyoyi. Ross Ensign ya mayar da martani da Ful-Vue Super a 1954, mai cin fim lamba 620, sannan da Fulvueflex ta roba a 1957, amma babu wadda ta maimaita nasarar samfurin 1946. A tsakiyar shekarun ne kuma aka kwashe aikin ƙira daga Walthamstow aka mayar masana'antar Ross da ke Clapham, a kudancin Landan.

A ƙarshen shekarun 1950 tattalin arzikin Birtaniya ya farfaɗo, gwamnati ta sassauta takunkumin shigo da kaya. Kyamarorin Jamus ta Yamma suka cika shaguna, na Japan suka biyo baya. Kamfanonin Japan sun shafe shekarun da suka gabata suna gogewa a kasuwar Amurka, inda babu mai kare su, suna inganta kaya suna rage farashi. Asahi ya fito da Pentax a 1957, Nikon ya fito da samfurin F a 1959, dukkansu masu fim siriri. Mai saye a Landan da ya ga waɗannan a gefe ɗaya, ya ga kyamarar naɗewa a ɗaya gefen, bai daɗe yana shawara ba.

Kamfanin Ilford ya karanci yanayin da wuri. A 1957 ya fara sayar da kyamarar Sportsman mai araha, wadda kamfanin Dacora na Jamus ke ƙera masa, wato ya koma kan tsohuwar dabarar Butcher, shi kuma ya riƙe abin da ya fi iyawa, yin fim. Ross Ensign ya daina ƙera kyamara a wajajen 1961, ɓangaren Ross ya ci gaba da yin madubin hangen nesa na wasu shekaru. Corfield da Reid, waɗanda suka rungumi fim siriri, su ma ba su kai ƙarshen shekarun 1960 suna ƙera kyamara ba, domin yawan abin da suke fitarwa bai kai ya sauko da farashinsu zuwa na Japan ba. Wannan ya nuna cewa ko da Ensign ya sauya fim, ba lallai ne ya tsira ba. Amma shi ne kaɗai a cikinsu yake da girman da zai iya gwada sa'a, kuma shekarun kariya fiye da 10 da ya samu sun ƙare ba tare da ya shirya wa ranar da za a buɗe ƙofa ba.

Abin da ya rage

Saboda yawan da aka ƙera, Ful-Vue ba ta da wuyar samu a kasuwannin tsofaffin kaya na Birtaniya da shafukan gwanjo na intanet, kuma ba ta cikin kyamarori masu tsada a wurin masu tarawa. Da yawa daga cikinsu suna aiki har yanzu, domin babu batir a ciki, babu waya, abin da ke motsi bai wuce ƙyaure da sifirin da makamar murɗa fim ba. Masu saye sukan duba abu uku: ko ƙyauren yana buɗewa ya rufe da kansa, ko madubin cikin ƙusumbin bai dushe ba, da kuma ko jar tagar baya tana nan ba ta fashe ba, don kada haske ya shiga ya ƙona fim.

Samfurin 1946 da na 1950 sun fi na baya sauƙin amfani a yau. Kodak ya daina yin fim lamba 620 da Ful-Vue Super ke ci tun 1995, sai dai a warware wani fim a sake naɗe shi a siririn kwarkwaro cikin duhu. Fim lamba 120 kuwa, wanda Ensign ya kafe a kansa har ya rasa kasuwa, har yau ana yin sa. Kodak na yi a Amurka, ana kuma yin na Ilford a garin Mobberley da ke arewa maso yammacin Ingila, ƙwararrun masu hoto suna saye saboda girman dodonsa. Wanda ya samu Ful-Vue mai lafiya zai iya sa mata sabon fim, ya fita da ita rana, ya sunkuya ya leƙa ta sama, ya ɗauki hotonsa 12 kamar yadda aka yi a 1946.